Bayan tiyatar furostet: yadda na koma sahu, na koma gona

An yi mini tiyatar cire furostet a watan Fabrairun 2023, ina da shekara sittin da ɗaya. Ni mutumin Daura ne, malamin firamare da ya ajiye alli ya koma noma da ɗan kiwo. Kansa ce ta kama ta. Bayanin yadda ake gano wannan ciwo ana jin sa a rediyo jefi-jefi, amma abin da ke biyo bayan an turo mutum daga ɗakin tiyata ban ji mai faɗa ba: robar fitsari, jiƙewar wando, tsarki, salla, kwanciyar iyali. Mu da abin ya sama sai mu ja bakinmu mu yi gum, na bayanmu kuma ya shiga a makance. Zan faɗe shi yadda yake. Wanda ya ga kamar na zaƙe, ya yi mini uzuri.

Da fitsarin dare abin ya faro. In na kwanta bayan isha'i, kafin asuba na tashi ba adadi. In na tsuguna sai na jira kafin ya zo, ya zo siriri, in miƙe ina jin da saura. A majalisarmu ta ƙofar gida kowa da sunan da ya ba shi. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce basir ne ya danne mara, wani ya ce tsufa ne kawai, wa ya kai sittin bai tashi fitsari ba? Babban ɗana da ke aiki a Katsina ya zo ƙarshen mako ya kwana a ɗakin zaure, ya yi ta jin motsin butata har gari ya waye. Da muka gaisa da safe ya ce, "Baba, don Allah ka shirya ranar Litinin mu tafi Katsina a duba jininka."

Gwajin PSA aka yi, jini ne kawai ake ɗiba a hannu. Ita furostet wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai ke da ita, girmanta bai fi goro ba. Tana ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta, aikinta kuma samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. PSA sinadari ne da take fitarwa, in ya haura 4 a jini likitoci kan so a ƙara bincike. Nawa ya wuce 11. Likitan ya ce hawan lambar kaɗai ba ya tabbatar da kansa, kumburin tsufa ko ƙwayar cuta ma kan ɗaga ta. Sai ya sa safar hannu ya ce zai taɓa ta ta dubura. Yaron bai girmi ɗana ba. Da ya ga yadda fuskata ta canza ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Minti ɗaya ne." Haka kuwa aka yi, ya ce ya ji gefe guda da tauri, ya rubuta mana takarda zuwa wani babban asibiti a Kano.

A can aka gutsuro tsokar da allura aka kai ɗakin gwaje-gwaje. Sakamako ya ce kansa ce. Akwai ma'aunin da suke auna zafinta da shi, Gleason, daga 6 zuwa 10, tawa 7 ce, tsaka-tsaki. Hoton MRI da na ƙashi suka nuna ba ta fita daga inda ta tsiro ba. Wata magana da likitan tiyatar ya yi ranar ta zauna mini: ya ce wahalar fitsarin da ta kawo ni wataƙila ma ba kansar ce ta jawo ta ba, kumburin tsufa ne, ita kansar furostet a farkonta sau da yawa ba ta nuna alama ko ɗaya. Ya ce yawancin waɗanda ke zuwa musu sai ciwon baya da na ƙugu ya kayar da su, lokacin ta riga ta shiga ƙashi, tiyata ba ta da sauran amfani. A Najeriya ita ce kansar da ta fi kama maza.

Daren nan ban runtsa ba, ɗana ma haka. Yana ta latsa waya, can ya ce, "Baba, Mandela ma an same shi da ita a 2001, aka yi masa gashi, wato aka ƙona ta da hasken na'ura, ya rayu har 2013, ya rasu yana da shekara 95. Wole Soyinka ma da bakinsa ya faɗa a 2014 cewa ya yi jinyarta." Na ce masa kwana na Allah ne. Amma na ji daɗin maganar, don kafin nan duk wanda na san an ce yana da ciwon daji, ta'aziyyarsa na je.

Hanya biyu aka shimfiɗa mini: gashi da na'ura, ko a cire ta gaba ɗaya. Likitan bai ɓoye mini komai ba, ya ce kowace da abin da take bari a jiki. Na yi istihara, na yi shawara da uwargida, na zaɓi tiyata. Lokacin ana tsakiyar ƙarancin takardun naira. Na kai bijimaina biyu na huɗa kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, mai saye ya ce sai dai tiransifa, muka wuni a tsaye muna jiran kuɗi su shigo waya. 'Ya'yana da ƙannena suka cika sauran, uku daga cikinsu suka ba da jini aka ajiye.

A nan zan tsaya in gyara wata magana da ta yi yawo a unguwa tun kafin in dawo, wai an fiɗiye ni. Cire furostet daban, cire 'ya'yan maraina daban. Na biyun ana yi wa wanda ciwon ya riga ya bazu a jikinsa, don a yanke sinadarin maza da kansar ke ci ta girma, ko kuma a yi masa allurar da ke wannan aikin. Tsoron wannan jita-jitar na hana dattawa da yawa zuwa asibiti, har su kai matakin da abin da suke gudu ya zama shi ne magani. Wannan yana ƙona mini rai.

Tiyatar kanta ba ni da labarinta, barci na yi. Na farka da ɗinki daga ƙasan cibiya zuwa mara, ƙarin ruwa a hannu, wata 'yar roba a gefen ciki tana tsiyayar da ruwan ciwo, da robar fitsari. Washegari nas ta ce in tashi in taka. Na ce mata, "'Yata, jiya fa aka yanka ni." Ta ce, "Baba, kwanciyar ce abin tsoro, jini na iya daskarewa a ƙafa ya tafi huhu." Ita da ɗana suka kama ni, na taka daga gado zuwa ƙofa ina riƙe da ledar fitsari, gumi na keto mini cikin sanyin hunturu. Kullum ana ƙara nisa har aka sallame mu. A hanyar gida ta Kazaure mun riƙa tsayawa ina miƙe ƙafa, na rungume matashi a ciki saboda gargada.

Robar fitsarin ta zauna wajen mako uku. Dalilinta shi ne in an cire furostet sai an ɗinke hanyar fitsari da bakin mafitsara, robar ce ke riƙe wurin har ya haɗe. Dokokinta kaɗan ne amma ba a wasa da su: leda ta kasance ƙasa da mara kullum, kada robar ta lanƙwashe, kada a fizge ta, a wanke bakin gaba da ruwa da sabulu, a sha ruwa sosai. Fitsarin kan yi ja-ja in an yi motsi, wani lokaci mara ta murɗa kamar ana matsa ta, duk an gaya mini zan gani. Wanda aka ce kada in kwana da shi a gida uku ne: zazzaɓi, ko fitsari ya daina sauka a leda, ko sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Da rana ina ɗaure ƙaramar leda a cinya, in zura jallabiya, 'yan dubiya su shigo mu gaisa ba wanda ya san da ita.

Bayan gida ya fi ba ni wuya, don namu na tsugune ne, an kuma hana ni yunƙuri. Wani kafinta ɗalibina na dā ya huda kujerar katako ya kawo, ya ƙi karɓar ko sisi. Uwargida ta sauya girki: kunu, miyar kuɓewa da ta kuka, kwaɗon zogale, gwanda, kankana. Ita ke juye ledar dare kafin kiran assalatu. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa zaton za ta ɗauki fitsarina a bokiti ba. Na ce mata ta bar wa yara maza. Ta ce, "Malam, wannan ba aikin yara ba ne." Ba ta sake bari an ta da zancen ba.

Na ɗauka ranar cire roba ita ce ranar 'yanci. Likita ya ce mu zo da famfas na manya, na ji maganar amma ban gane nauyinta ba sai da na miƙe daga gadon. Fitsari ya zubo har ƙafa ban ji fitarsa ba, ban kuma iya tsayar da shi ba. Likitan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Namiji na da abubuwa biyu da ke riƙe masa fitsari, ɗaya a wuyan mafitsara inda furostet take, ɗaya a ƙasa. Tiyata ta taɓa na saman, na ƙasan kuma ya wahala, ga shi yanzu aikin duka ya koma kansa. Ya ce yawancin mutane suna samun sauƙi cikin wata uku zuwa shekara guda, kaɗan ne ke buƙatar wani aikin daga baya.

Wannan lokacin shi ne mafi tsanani a duk jinyar, ya fi ranar da aka ce mini kansa ce. Mutumin da ya tashi tun yana yaro ana koya masa istibra'i, wanda ɗigo ɗaya a wando ke sa shi ya koma ya canza, yau ga shi cikin najasa dare da rana. In na yi tari, ya zubo. In na miƙe daga tabarma, ya zubo. In na yi ruku'u, ya zubo. Ina yin alwala, kafin in kai kan darduma ta warware a ganina. Na riƙa jin zarni a jikina ko da na fito daga wanka. Azumi ya kama a ƙarshen Maris, likita ya ce kada in ɗauka saboda shan ruwa da magani, na ajiye da niyyar ramuwa. Masallacin unguwarmu katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ina zaune a ɗaki ina jin tarawihi, ina jin tarin kowa ina gane mai shi. Ni ne ke jan salla in liman ya yi tafiya. Wani dare na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Liman ne ya shigo da kansa bayan la'asar, ya sa aka ba mu wuri. Ya ce, "Malam, jiki ne ya hana ka fitowa ko wani abu?" Na yi shiru, sannan na gaya masa. Ya ce, "Ashe karatun da muka yi tare a zaure kana ganin na wasu ne?" Ya tuna mini babin salisul bauli. A mazhabarmu ta Malikiyya, fitsarin da ke zubowa ba da ikon mutum ba, in ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. A Risala an ce mustahabbi ne mai wannan lalura ya sake alwala a kowace salla. Abin da ya taɓa tufa kuma an yi rangwame a kansa saboda wuyar kiyayewa. Sharaɗin shiga masallaci shi ne kada a ɓata shi, famfas kuma ya ɗauke wannan. Ya kawo hadisin Imrana bin Husaini, wanda basir ya dama, Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Limanci ne kawai ya ce in dakata da shi, don makaruhi ne mai wannan lalura ya ja masu lafiya.

Duk na san wannan a takarda, na ma karantar da shi. Amma sai da wani ya dube ni ya faɗa mini zuciyata ta karɓa. Ina roƙon malamanmu su riƙa kawo wannan babi a wa'azin bayan magariba, da Hausa ɓaro-ɓaro. Akwai tsofaffi a kowace unguwa da suka daina zuwa jam'i, ana cewa ƙafa ce, alhali wando ne.

Na fara da asuba, don da safe jikin ya fi riƙewa. In yi tsarki, in sa sabon famfas, in yi alwala, in ɗaura wando mai duhu, in tsaya a ƙarshen sahu kusa da ƙofa, kujera a bayana. Bayan sallama mutane suka yi ta miƙo hannu, "Malam, ya jiki? Allah Ya ƙara afuwa." Ba wanda ya ja hanci, ba wanda ya matsa. Zarnin da nake ji a kaina yake.

Abin da ya dawo mini da riƙon fitsari motsa tsokar mara ne, wanda ake kira Kegel, da sunan likitan Amurka da ya bayyana shi a 1948. Ba a yin sa da roba a jiki, sai an cire. Tsokar ita ce wadda mutum ke matsewa in iska ta taho masa a cikin mutane. A matse ta a ja sama, a ƙirga biyar, a saki a ƙirga biyar, sau goma, a maimaita safe da rana da dare. Wuyarsa a gano tsokar ce. Da farko ciki da cinya nake ƙanƙamewa ina riƙe numfashi, sai da wani ma'aikacin gashin ƙashi ya sa na kwanta, ya ɗora hannuna a cikina ya ce, "Baba, nan kada ya motsa, kuma ka ci gaba da yi mini magana kana matsewa." Don kada in manta, na ɗaura shi da salla: in na idar na gama tasbihi, sai in yi goma kafin in tashi. Ya kuma koya mini in matse kafin tari, kafin atishawa, kafin in miƙe.

Sauƙin bai zo rana ɗaya ba, bi da bi ya zo. Dare ne ya fara bushewa. Sai zama. Sai tafiya da safe. Yamma ta fi daɗewa, don tsokar kan gaji, daga la'asar sai ɗigo ya dawo. Wani mako in ga ci gaba, wani mako in ga kamar an koma baya, musamman in na yi zirga-zirga da yawa. Na lura ranar da na ci goro ko na sha shayi mai kauri abin ya fi yawa, likita ya ce sinadarin da ke cikinsu na tsokanar mafitsara. Goron da na shekara arba'in ina ci na ajiye. Ruwa kuwa likita ya hana ni ragewa, ya ce mutane kan ƙi sha don kada su jiƙe, fitsari ya yi kauri ya ƙara ƙaiƙayin mafitsara, ga zafin bazarar Daura. Sai dai in sha da yawa da rana, in rage bayan magariba. Daga famfas na koma ƙaramin ƙunzugu, daga nan sai tsumma mai tsabta da uwargida ta yanka ta ɗinke mini.

Gwajin PSA na farko bayan tiyata an yi shi wajen mako na takwas. Tunda an cire tsokar da ke samar da shi, ana so a ga ya yi ƙasa da 0.1. In daga baya ya hau 0.2 ya ci gaba da hawa, alama ce akwai saura, sai a bi da gashi. Ɗana ya karɓo takardar, ya kira ni muryarsa na rawa, "Baba, babu. Sun ce ba a ganin sa." Na yi sujada a tsakar gida. Duk da haka, duk lokacin da gwaji ya matso barcina kan ragu, har yau.

Mako shida aka hana ni ɗaukar abin da ya fi butar alwala nauyi sosai, don kada ɗinkin ciki ya buɗe ko ƙaba ta fito. Babur ma an ce in dakata, zamansa daidai wurin aikin yake danna. Tafiyar ƙafa ce aikina: daga gida zuwa bakin titi, daga baya har wajen rijiyar Kusugu in dawo. Gajiya ta ba ni mamaki, tafiyar da ba ta kai komai ba sai ta sa ni barcin rana. Da ruwa ya sauka a watan Yuni ba ni da shanu, ba ni da ƙarfi. Maƙwabcina na gona ya yi mini huɗa da nasa bayan ya gama tasa. Ranar shuka aka kai ni a Keke Napep, na zauna gindin gawo ina kallon jikokina suna binne iri da diddige. Ban jure ba, na karɓi ƙwaryar gero na bi layi ɗaya har ƙarshe. Na jiƙe, na koma bayan bishiya na canza, na dawo na zauna raina fari ƙal.

Noman farko 'yan ƙwadago suka yi. A maimai na riƙe hauya ina yin kaɗan da sanyin safiya. Na koma kan babur da matashi a sirdi, tafiya gajera tukuna. Cire tallafin mai a ƙarshen Mayun shekarar ya sa zuwa Kano ya yi tsada, sai likita ya yarda in riƙa yin gwajin a Katsina ina aika masa hoton takarda ta WhatsApp. Lokacin Sallar Gani na tsaya kallon hawa tun daga fitowar Sarki har aka watse, sai da na dawo gida na tuna ban nemi makewayi ba. Bayan girbi na rama azumina cikin sanyi, na kuma koma jan salla da izinin liman.

Saura maganar da ta fi kowace nauyi a baki. Jijiyoyin da ke sa gaba ya miƙe suna manne da furostet ta gefe biyu. Likita kan yi ƙoƙarin tsallake su in ciwon bai kai wurin ba, amma ko an tsallake sun sha ja da taɓi, farfaɗowarsu kan ɗauki shekara guda har biyu, wani kuma ba ya dawowa kamar dā. Shekaru, ciwon suga da hawan jini duk suna da ta cewa. Ni gefe ɗaya aka iya tsare mini. Sha'awa tana nan, tunda ba a taɓa maraina ba, amma watanni jiki bai amsa ba. Ko ya amsa, maniyyi ba ya sake fita har abada, ana jin daɗin amma a bushe, haihuwa kuma ta ƙare. Wanda ke da amarya ko yake son ƙarin 'ya'ya, ya yi wannan magana da likita kafin a shiga da shi. Wankan janaba yana nan, saduwar kanta ke wajabta shi.

Na yi sa'a likitan ya ce in zo da uwargida ya yi bayanin a gabanta. Ta rufe fuska da mayafi har ya gama, amma ta ji, kuma hakan ya raba mu da zargi. Na san gidan da irin wannan shiru ya sa matar ta ɗauka an daina son ta, mijin kuma ya koma faɗa a kan gishirin miya. Likitan ya rubuta mini tadalafil, maganin da ke taimaka wa gaba ya miƙe, bayan ya tabbatar ba na shan maganin zuciya irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe, don haɗa su na iya faɗar da jini ya kashe mutum. Ya gargaɗe ni da kakkausar murya a kan na masu lasifika a kasuwa, waɗanda ba a san abin da aka zuba a ciki ba. Masu kawo mini irin wannan a ƙunshe cikin leda, don ƙauna, sun fi a ƙirga. Na gode musu, ban sha ba. A shekara ta biyu abin ya fara dawowa. Bai kai na dā ba, amma ya ishe mu, mun kuma koyi haƙuri da juna irin wanda ba mu sani ba muna da ƙuruciya.

A ƙarshen Disambar 2023 aka sanar da rasuwar gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, aka ce wannan ciwon ne. A majalisa aka yi tsit ana satar kallona. Na ce musu su daina kallona, su je a ɗebi jininsu. A Birtaniya, inda ake ƙirga abin da kyau, namiji ɗaya cikin 8 kan gamu da ita a rayuwarsa, amma a baƙar fata ɗaya ne cikin 4. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, haɗarinsa ya ninka. Shi ya sa ake ba mu shawarar fara gwaji daga shekara 45, mai ita a dangi ma tun kafin nan. Ƙannena biyu sun je. Ɗaya lafiya lau, ɗaya kumburin tsufa ne, ƙwaya yake sha kullum dare, yana barcinsa. Wani abokinmu da ya daɗe yana fama da ƙugu ya je, aka tarar ta shiga ƙashi. Allura ake masa duk wata uku, ciwon ya lafa, yana fitowa majalisa da sandarsa. Na so a ce shekara uku baya ya je. 'Ya'yana maza kuwa na tara su na gaya musu wannan gado ne da ba na so su ci a makance, babban ya riga ya yi gwajinsa na farko.

Abin da ya rage mini yanzu ɗigo ne in na ciccibi buhu ko atishawa ta zo mini ba shiri, don haka ranar kasuwa nakan sa tsumma. Motsa tsokar ban daina ba, in na yi sakaci mako biyu ina ganin bambanci. Na sayi ɗan maraƙi ina kiwo da niyyar mayar da shanun huɗa. Gwajin PSA ya koma duk wata shida, na bayan nan ma ƙasa da 0.1 ya nuna. Alhamdu lillahi.